Jarka Uku da Injin Wanki a Hanyar Kafanchan

Shekara 12 ke nan da aurena, kuma duk tafiyar da muka taɓa yi da yara, in aka tambaye ni abin da na gani a garin, sai dai in ce bakin rijiya da igiyar shanya. Mun je Zariya biki, mun je Funtuwa gaisuwa, mun yi hutun mako guda a Jos. Maigida ya kwashi yara su fita ganin gari, ni kuwa ina tsugune gaban baho a bayan gidan mutane ina cuɗar wanduna da zannuwan gado. Ga shi hannuna ba ya shiri da omo. Da hunturu ya kankama sai tsakanin yatsuna ya tsattsage, in taɓa attaruhu ko gishiri in ji kamar an ɗora mini garwashi. Shi ya sa ranar da ya shigo gidanmu na Unguwar Rimi da fara'arsa, wai an gama aikin mota, za mu zagaya kudancin Kaduna na kwana 9 a hutun ƙarshen shekara, ban taya shi murna ba. Na ce, "Malam, mu biyar ne fa. Kwana 9, ga ƙurar hunturu, ga Auta bai daina fitsarin kwance ba. Wa zai yi wankin?"

Bai ba ni amsa a daren ba. Kwana 2 da yin maganar sai ga shi ya sauko daga Keke Napep rungume da wani ƙaton kwali.

Motar dai tsohuwar Hiace ce da ya saya a hannun wani abokin aikinsa. Ya cire kujerun baya, masu walda na Panteka suka ƙera masa gado mai naɗewa da wurin ɗaure jarkoki, kafinta ya yi akwatunan kaya a ƙarƙashin gadon, aka kafa faifan sola a kan rufi. A waya ya ga irin wannan yawo. A Ingila da Ostareliya mutane kan ja wani ɗaki mai taya a bayan motarsu, karaban suke ce masa, su yi makonni suna zaga ƙasarsu. Sai dai su can an tanadar musu filayen sauka, inda mutum zai biya kuɗi ya jona wuta, ya ɗebi ruwan famfo, sau da yawa har da ɗakin wanki. Mu nan babu wannan. Masaukinmu tsakar gidan dangi da abokan arziki ne, wutarmu daga rana, ruwanmu kuma abin da muka ɗauko ko aka sammana.

Surukata Hajiya ce kaɗai abin bai ba mamaki ba. Ta leƙa cikin motar, ta shafa katifar, ta ce kakanta bafatake ne, ya sha bin ayarin jakuna zuwa Gwanja sayen goro, kuma ta ji daga bakin manya cewa madugu ba ya sauke ayari inda babu ruwa, komai kyan inuwar wurin. Ta dubi ɗanta ta ce, "Kai ne madugu yanzu. Kafin ka tambayi wurin kwana, fara tambayar rijiya."

Abin da ke cikin kwalin ɗan ƙaramin injin wanki ne na roba, tsayinsa bai kai ƙuguna ba, ni kaɗai ina ɗaga shi in sa a mota. Ciki biyu gare shi. Babban cikin na wanki ne, a ƙasansa akwai wani faifai mai tudu-tudu da ke juyawa dama, ya tsaya, ya koma hagu, yana kaɗa ruwa da kaya tare. Ƙaramin cikin na matsa ne, wani dogon gwangwani mai huje-huje da ke wulwulawa da gudu har ruwan ya fice ta ramukan. Ba ya jan ruwa da kansa, da bokiti ake zuba masa. Ba ya ɗumama ruwa. In za a zubar kuma, tiyo ake saukewa ƙasa ruwan ya gangara, don haka dole a ɗora shi a kan benci ko dakali. A takardar da ke manne a bayansa an rubuta kilo 4 na wanki, kilo 2 na matsa, wat 240 da wat 120.

Yaron da ya haɗa mana wutar motar ya yi mana bayanin da ya amfane mu ƙwarai. Ya ce duk inji mai juyawa yakan fizgi wuta a lokacin tashi, ninki biyu ko uku na abin da aka rubuta a jikinsa, wannan kuma tsayawa yake yana sake tashi duk bayan 'yan daƙiƙu, saboda haka kada mu sayi inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, daidai wa daida. Ya ce inbata iri biyu ce. Mai araha tana ba da wuta mai gargada wadda ke sa inji gurnani da ɗaukar zafi, ɗayar kuma wutarta sumul take irin ta NEPA. Muka sayi ta biyun, mai wat 1000, da batir mai bolt 12, amfiya 200, ya kuma ja mana kunne kada mu zuƙe shi ya wuce rabi. Sannan ya yi mini wani lissafi a bayan kwali: wanki ɗaya na minti 15 bai kai wutar da dutsen guga mai wat 1000 ke sha a minti 5 ba. Ina komawa ɗaki na ajiye na lantarkin, na ɗauko na gawayi.

Ranar 26 ga Disamba muka tashi bayan sallar asuba, da jarka 3 masu cin lita 25 kowacce ɗaure a baya, kilo 75 ke nan na ruwa zalla. Muka bi ta Sabon Tasha, Maraban Rido, Kujama, Kasuwan Magani. A Kajuru muka ɗan ratse yara suka hango gidan nan mai kama da fadar sarakunan Turai na da, wanda wani Bajamushe ya gina a kan dutse a shekarun 1980. Ba mu daɗe ba. Doka ɗaya muka kafa wa kanmu tun daga gida, magariba ba za ta same mu a hanya ba, kuma kowace safiya sai maigida ya tambayi direbobin tasha lafiyar hanyar kafin mu kama ta. Duk ɗan Kaduna ya san dalili.

Kachia kuwa hanci ne ya fara sanar da mu mun iso. Lokacin haƙon citta ne, an fasa ta biyu-biyu an baza a kan duwatsu da gefen titi, ƙamshinta yana shiga har maƙogwaro, Auta sai atishawa yake. Wannan yanki, da Jaba da Kagarko, nan ne matattarar cittar Najeriya. Muka sauka a gidan wani abokin maigida tun na sakandare, aka buɗe mana ƙofar gareji muka shigar da motar tsakar gida.

Washegari da hantsi, da rana ta hau kan faifan sola, na fito da injin na ɗora a dakali. Kayan kwana ɗaya ne amma kamar an birgima da su a jar ƙasa. Na yi yadda na saba gani ana yi a birni: in cika, in wanke, in zubar, in sake cikawa. Babban yarona yana ta jan guga a rijiyar gidan yana kawowa. Kafin in gama ya ja abin da ya kai jarka 4. Sai na lura bokitin ƙarshe ya zo da laka a ƙasansa. Na je na leƙa rijiyar, ruwan ya yi ƙasa sosai har ana ganin dutsen gindinta. Matar gidan ba ta ce mini uffan ba, har murmushi take, amma na ga ta sa 'yarta ta ɗauki roba ta nufi gidan maƙwabta ɗebo na girkin rana. Wallahi na ji kunya ta rufe ni. Rijiyar rani tana da iyakar abin da take bayarwa a wuni, a hankali take tarawa, ni kuma baƙuwa na zo na kwashe na mutum 10 a awa ɗaya.

Na same ta a kicin na ce, "Yaya, ki yafe mini, ban yi tunani ba." Ta ce, "Haba ƙanwata, baƙonka annabinka. Kafin la'asar za ta kawo." Daga ranar na canja hannu, kuma tsarin da na kama shi ne ya kai mu har gida.

Jarka ɗaya ta sha da girki ce, ba a taɓa ta don wanki ko da wasa. Sauran biyun su ne iyakar abin da wankin kwana 2 zai ci. In zuba kamar lita 18, in sa omo kaɗan, bai fi cokali 2 ba, don yawan kumfa yawan ɗauraya ne. Fararen kaya su fara shiga, minti 10. In tsame su in matse a ƙaramin cikin, ruwan da ya fito ta tiyo in tara a bokiti in mayar. Masu launi su biyo a ruwan nan dai, sannan baƙaƙen wanduna da safa a ƙarshe, lokacin ruwan ya koma kalar shayi. Sai a zubar, a zuba sabo, a bi layin ɗauraya kamar yadda aka bi na wanki. Matsewa kafin ɗauraya ita ce dabarar da ta fi rage mini ruwa, domin mafi yawan sabulun yana fita tare da ruwan matsa. Na ɗauraya kuma ba na zubarwa, da shi ake wanke tayoyi da daɓen mota, ko a yayyafa a tsakar gida ya kwantar da ƙura.

Akwai abu ɗaya da ba na haɗawa da wannan tattali. Zanen gadon Auta da wandonsa na barci ba sa shiga inji sai na fara zuba musu ruwa tsantsa da buta a gefe, na matse, na sake zubawa. A islamiyya an koya mana najasa ba ta gushewa sai da ruwan da sabulu ko wani abu bai canja launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba. In na jefa su a ruwan da zan yi ta maimaitawa, na raba najasar ke nan ga jallabiyar da mahaifinsu zai yi salla da ita.

Da yamma rijiyar ta kawo kamar yadda matar gidan ta ce. Washegari kafin mu tashi na roƙe ta ta kawo kayan 'ya'yanta in gwada mata sabon tsarin. Da farko ta ƙi, sai da na nace. Da ta miƙo mini ƙullin kayan ne na ga hannunta sosai. Tafin ya yi kanta saboda wuƙar fasa citta, bayan hannun ya yi fari fat da kaushi, gefen babban yatsanta ya tsage har ta naɗe shi da tsumma. 'Ya'ya 6 take wa wanki da wannan hannu, da mijinta, da tsohuwar surukarta. Na zuba kayan, na murɗa makunnin, muka shimfiɗa tabarma a gefe muna ɓarar gyaɗa. Ta jima tana kallon ruwan yana juyawa, can ta ce, "Rabon da in zauna da hantsi ina hira, wanki kuma yana tafiya, tun ina gidanmu." Da na fito da rigunan daga cikin matsa ta damƙa ɗaya ta murɗe da ƙarfinta, ko ɗigo bai fito ba. Ta yi salati. Muka shanya, kafin mu gama ɗaure kaya a mota iskar hunturu ta busar da su ƙayau.

Ba zan ce injin yana yin komai ba. Wuyan riga, hammata, da gwiwar wandon yaro mai rarrafe a ƙasa, sai na goga musu sabulun soda na ɗan cuɗa kafin su shiga. Cikin matsa kuma yana da nasa sharaɗi. In ba a jera kayan daidai an danna su da ɗan murfin robarsa ba, ko dakalin ya karkace, sai ya yi ta dukan bango gaf-gaf kamar zai tarwatse. A Kafanchan na sa masa bargon yara. Bargon ya sha ruwa ya yi nauyi, faifan ya kasa juyawa, sai gurnani, sai warin ƙonewar roba. Na yi maza na kashe, na tsame bargon, muka bar shi ya huce har awa guda ina ta addu'a a zuci. Allah ya sa bai ƙone ba. Bargon da ƙafa muka tattake shi a baho kamar yadda aka saba.

A Kafanchan gidan Gwaggona muka yi zango, kwana 5. Garin jirgin ƙasa ne, tun shekarun 1920 nan layin da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya haura Jos, kuma nan fadar Sarkin Jama'a take. Mijin Gwaggo ma aikin reluwe ne ya kawo shi. Ita ce ta tare ni da na ɗauko shaddar maigida zan jefa. Ta ce, "Ke 'yar nan, shadda ba ta son dirza. Tsoma ta a ruwan sanyi ki ɗaga, in ba haka ba maiƙonta ya tafi ke nan." Ita ce kuma ta hana yara baza kaya a kan ciyawa. Ta ce a ƙasar nan akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kaya masu danshi, musamman waɗanda aka shanya a ƙasa ko a inuwa, tsutsar ta huda fatar yaro ta yi ƙurji mai baki. Da damina ya fi yawa, amma ita ko yaushe a igiya take shanya cikin rana, kuma duk abin da zai taɓa jikin yaro sai ya sha guga, don zafin dutse yana kashe ƙwan. Dutsen gawayina ya yi rana.

Daga can muka je Matsirga, kusa da Madakiya, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake faɗowa daga tsayin kusan mita 30. Ko da yake rani ne, ƙararsa tana sa sai ka ɗaga murya, feshinsa kuma yana sauka a fuska da sanyi kamar raɓa. Ganin ruwa a yalwace bayan kwanaki ana auna shi da bokiti, 'yata ta ce, "Umma, mu sauko da inji mu wanke komai a nan mana." Ni ma raina ya biya. Wata dattijuwa da ke zaune tana sayar da rake ta ji mu, ta ce da Hausarta mai daɗi, "'Yata, ɗebi yadda kike so, ruwan Allah ne. Amma na omon kada ya koma ciki. Akwai masu sha a ƙasa, akwai masu lambu." Na ce, "To Mama, mun gode." Muka cika jarkoki muka hau da su inda muka ajiye mota, muka bar su yashin ya kwanta, muka tace da tsohon ɗankwali saboda tsakuwa tana maƙalewa a ƙarƙashin faifan. Ruwan omon kuma maigida ya haƙa ɗan rami nesa da rafi muka juye, muka rufe da ƙasa.

Mun leƙa ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, waɗanda sunan ƙauyen ya bi duniya saboda su. Muka dawo da jar ƙura har cikin kunne.

Ranar 31 ga wata na yi babban wanki, daga ƙarfe 10 zuwa 11 da rabi na gama har da shanya. Sai da babban yaron ya hau ya goge faifan sola tukuna, domin ƙurar hunturu tana lulluɓe shi kullum ta rage masa ƙarfi. Kafin azahar na kwashe, na yi guga, na ninke.

Ranar 1 ga Janairu muka tafi Kagoro bikin Afan, wanda mutanen garin ke yi kowace sabuwar shekara don godiyar kammala girbi da buɗe lokacin farauta. Sunan bikin ma dutse yake nufi a harshensu, ga kuma dutsen nan tsaye a bayan gari, baƙi ƙirin, hazo ya rufe kansa. Garin Gwamna Awan ke nan, sarkin da ya yi mulki daga 1945 har zuwa 2008. Maharba suka shigo fili da kwari da baka da ƙahonni, ƙungiyoyin mata kowacce da ankonta, ganguna suna tashi har kana jin su a ƙirji. Ina tsaye a cikin taron, Auta a kafaɗar babansa, 'yata riƙe da hannuna tana nuna mini wani tsoho da ke busa ƙaho kumatunsa sun kumbura. A tafiyoyinmu na baya, irin wannan labari da daddare nake jin sa daga bakin yara, ina shafa man kaɗanya a yatsu. Wannan karon da idona na gani, tun daga shigowar maharban farko har aka watse. Maigida ya waiwayo ya ga ina share ido, ya ce, "Uwargida, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Malam. Kallo nake."

A dawowa muka bi ta Zangon Katab, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka fatake sun sha sauke kaya a wurin, na tuna da Hajiya da kakanta. Muka kwana a Saminaka, garin masara, washegari muka biyo ta Pambeguwa muka shigo Kaduna ta Kawo kafin la'asar. Kayan dattin da na sauke daga mota ba su cika bokiti ɗaya ba. Hajiya ta kama hannuna biyu ta jujjuya, ta duba tsakanin yatsun, ta ce, "To, madalla."

Mako 2 da dawowarmu matar nan ta Kachia ta kira ni. Ta sayar da cittarta, ta kuma ɗauki adashi, tana so in saya mata irin nawa. Ta ce gidansu wuta takan zo da dare, za ta riƙa yi a lokacin. Na je kasuwa na zaɓo, na sa aka jona shi a gabana na ga cikin biyu duk suna juyawa, na kai tashar Television na ba direban Kachia. Kafin a ɗaure kwalin na sa takarda a ciki da rubutun hannuna: fari kafin mai launi, a matse kafin a ɗauraye, omo cokali 2, kada a sa bargo.